Gemu Ba Ya Hana Ilimi: Yadda Tsirkiya Huɗu Ta Dawo Mini Da Ɗana A New Bell

Da a ce shekara uku da suka wuce wani ya tare ni a bakin shagona ya ce, "Alhaji, wata rana za a gan ka rungume da jita kana ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu kamar ɗan firamare," wallahi da na ce a duba shi, ko zazzaɓin Duwala ne ya taɓa masa kai. Ni ɗan kasuwa ne, jikan ɗan kasuwa. Kakanmu ya baro Kano da fatauci, ya biyo ta Yola da Banyo. Mahaifina ne ya gangaro bakin teku. Ni kuwa a nan New Bell aka yanke mini cibiya. Atamfa da shadda da yadin maza nake sayarwa a Marché Congo tun ina saurayi.

A gidanmu, kiɗa na makaɗa ne. Muna son Shata, muna son Ɗan Maraya, ranar biki mukan yi wa maroƙi kyauta har ya yi mana kirari. Amma ɗan gidan fatake ya rataya abin kiɗa a wuyansa? Wannan ko a mafarki. Haka aka rene ni, haka kuma na so in reni nawa.

Labarin da zan ba ku na ɗana ne na fari. Ba zan ambaci sunansa ba, kun dai san al'ada. Na rubuto shi ne saboda na san ba ni kaɗai ba ne uban da ke kwana gida ɗaya da ɗansa a ƙasar baƙunci, amma tsakaninsu kamar Duwala da Marwa.

Abin da gobara ta ci

Duk wanda ke Marché Congo yana tuna daren nan na watan Fabrairun 2019 da wuta ta tashi a kasuwar. Lokacin ya yi mana muni ƙwarai, don saura 'yan kwanaki a yi bikin ranar mata ta 8 ga Maris, kuma kowa ya san yadda atamfar wannan rana take tafiya a Kamaru. Ni ma na cika shago, rabin kayan kuma bashi ne. Da gari ya waye, toka na tarar da ƙarfen ƙofa.

Ba zan ja zancen asara ba, Allah ya mayar da alheri. Abin da ban lura da shi ba a lokacin shi ne, gobarar ba shago kaɗai ta ci ba. Shekara biyu na yi ina biyan bashi. In fita bayan asuba, in dawo yara sun yi barci. In na buɗe baki a gida, to faɗa ne: waye ya bar fitila a kunne, waye ya ɓarar da ruwa. Yaron yana da shekara 13 sa'ad da aka yi gobarar. Ban ankara ba sai na ga mutum ya kusa kamo ni tsawo, muryarsa ta buɗe, kuma ban san ko abokinsa ɗaya ba.

Yaranmu na nan kun san su. Faransanci a lakwal, Turancin buroka a kasuwa, wani gauraye nasu na samari a kan titi. Hausa sai in za su yi wa uwarsu magana. Ni in na yi masa Hausa, amsar ba ta wuce kalma biyu: "To, Baba."

Wata rana wani tela maƙwabcina ya ce mini, "Alhaji, yaronka fa ya iya." Na ɗauka ɗinki yake nufi. Ya yi dariya ya ce a'a, kiɗa. Wai akwai wani tsoho mai gyaran rediyo ta wajen Nkololoun, can yaron yake zuwa in an tashi daga lakwal. A daren na ɗaga katifarsa. Sai ga wata doguwar jita mai tsirkiya huɗu, kauri kamar wayar birki, an naɗe ta a cikin ragowar shaddata.

Na mare shi. Ban taɓa yi ba sai ranar. Na ɗauke jitar na kulle a shago, na ce in na sake jin ya taka wurin tsohon nan, ya nemi wani uban. Bai yi kuka ba, bai ce uffan ba. Daga ranar har wata huɗu, ko "To, Baba" ɗin ma sai da ƙyar.

Takardar da ke cikin jaka

Uwarsa ce ta tashe ni cikin dare, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ta ajiye wata jakar goyo a gabana. A ciki akwai wando biyu, da kwafin takardar haihuwarsa, da kuɗi a ƙulle cikin safa, da wata 'yar takarda da ya jera sunayen garuruwa: Garwa, Yola, Kano, Damagaram, Agadas.

Na daɗe ina kallon takardar nan. Hanyar da kakanmu ya biyo ce yaron zai bi a juye, sai dai shi ba a Kano zai tsaya ba. Duk mun san abin da ke gaba da Agadas. Akwai gidaje a unguwarmu da har yau suke jiran wayar da ba ta zo ba.

Ta ce, "Alhaji, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Abu ɗaya ne yake sa yaron nan murmushi, ka ƙwace. To me ka ba shi a madadinsa?"

Ban da amsa. Amma girman kai bai bar ni na ce na yi kuskure ba. Abin da na ƙudura shi ne in mayar wa tsohon kayansa, in kuma ja masa kunne, don a ganina shi ne ya hure wa yaro kunne da zancen Turai.

Shagon mai gyaran rediyo

Wanda bai san New Bell ba, bari in ɗan gaya masa. Jamusawa ne suka shata wurin gab da yaƙin duniya na farko, lokacin da suka ƙwace filayen Duwalawa na bakin kogin Wouri suka nemi tura su baya. Sarkinsu Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi yarda, suka rataye shi ranar 8 ga Agustan 1914. Daga baya unguwar ta zama masaukin baƙi: Hausawa, Bamilike, Basa, Ewondo, mutanen Najeriya da na Senegal, kowa da lungunsa. Shi ya sa a nan za ka ji kiran salla da ƙararrawar coci da makosa duk a lokaci guda, ba wanda ya ce wa wani don me.

Na ɗauki benskin da jitar a kafaɗa, ina ta addu'ar kada in haɗu da wanda ya san ni. Shagon ɗan ƙarami ne, cike da matattun talabijin da warin dalma. Tsohon Baduwale ne, Kirista, ya haura saba'in. Kowa Papa yake ce masa. A zamanin ƙuruciyarsa ya yi kiɗa a gidajen rawa na Akwa, da ƙarfi ya ƙare ya koma gyaran rediyo.

Na zazzage masa duk abin da ke cikina. Ya bar ni na gama, yana ta goge tabarau. Sannan ya ce, "Alaji, ɗanka bai taɓa shan komai a nan ba. In aka kira salla, ajiye jitar yake ya fita, ni nake tsare masa ita. Zancen tafiya kuwa, tun da ka hana shi zuwa ban sa shi a ido ba. Da yana zuwa, da na hana shi. Na binne abokai a Faransa, na san abin da ke can."

Na ce ko ma mene ne, wasa ne, kuma ɗana ba ɗan wasa ba ne.

Ya ce, "Wasa? To zauna."

Ya jona jitar da wata tsohuwar lasifika da ya haɗa da hannunsa, ya taɓa tsirkiya mafi kauri sau ɗaya. Jama'a, ban ji abin a kunne ba, a ƙirji na ji shi. Gilasan talabijin ɗin nan duk suka amsa. Ashe wannan ce jitar bas. Daga baya na san cewa wannan tsirkiyar tana karkaɗawa kusan sau 41 ne kacal a daƙiƙa, sautin da ƙaramar lasifikar waya ba ta iya fitarwa. Wato duk shekarun da nake jin waƙoƙi a waya, ban taɓa jin abin da ɗana yake ji ba.

Sai ya kaɗa wani ɗan gajeren kiɗa, ya maimaita, ya sake maimaitawa. Na san shi. Kowa ya san shi, ko bai san sunansa ba. Ana sa shi a filin ƙwallo, ana sa shi a talla. Ya ce, "Bugu tara ne. Sauti uku kacal, a kan tsirkiya ɗaya. Na ba ka mako guda. In ka kaɗa shi daidai, na yarda wasa ne, ni da kaina zan kori ɗanka in ya dawo. In ka kasa, ka yarda aiki ne, ka bar shi ya yi aikinsa."

Ɗan kasuwa ba ya jin an yi masa tayi ya tashi bai taya ba. Na ce na yarda.

Waƙar da masu ita

Sunan waƙar "Another One Bites the Dust", ta ƙungiyar Queen ta Ingila, ta fito a 1980. In za a faɗe shi da Hausa, kamar a ce wani ma ya sha ƙasa, irin ta 'yan dambe. Da Papa ya fassara mini sai na yi dariyar da ban shirya ba, na ce ai da ni ake, tun 2019 nake ƙasa.

Yana gyaran rediyo yana ba ni tarihi, ni kuma daga baya na bi na tabbatar. Mai kaɗa musu bas, John Deacon, shi ya tsara waƙar, bayan ya ji irin kiɗan da ƙungiyar Chic ta baƙaƙen Amurka ta yi a waƙarsu "Good Times" ta 1979, wadda Bernard Edwards ya kaɗa wa bas. Michael Jackson ne ya ba su shawarar su fitar da ita a faifanta ita kaɗai, ta kuwa hau ta ɗaya a Amurka. Shi Michael Jackson ɗin, bayan shekara biyu, ya ɗauki amshin "Soul Makossa" ta Manu Dibango, ɗan Duwala, wadda ta fito tun 1972, ya sa a tasa waƙar, har magana ta kai ga lauyoyi. Papa ya ce, "Ka gani? Kiɗa ma fatauci yake. Ya tashi daga nan, ya je Amurka, ya biya Ingila, ya dawo mana an sake masa kwali."

Abu biyu ne suka fi tsaya mini a rai. Na farko, mawaƙinsu Freddie Mercury a Zanzibar aka haife shi a 1946, iyayensa 'yan asalin Indiya ne da aiki ya kai su can, juyin juya halin 1964 ya kore su zuwa Ingila. Kafin ya yi suna, shi da mai gangarsu Roger Taylor gwanjo suke sayarwa a wata rumfa a kasuwar Kensington ta Landan. Ɗan baƙi, mai sayar da tufafi a kasuwa. Na ce ashe namu ne.

Na biyu, shi John Deacon sai da ya kammala digirinsa na ilimin lantarki a Landan, da sakamako mafi daraja, yana cikin ƙungiyar. Har wata 'yar lasifika ya haɗa da tarkacen da ya tsinta a juji, suka yi ta amfani da ita a faya-fayensu. Wannan na riƙe shi a aljihu, na san ranar da zai yi mini amfani.

Papa bai bar ni na tafi ba sai da ya jero mini 'yan ƙasa. Ya ce duniya ta san Kamaru da ƙwallo, amma masu kiɗa sun san ta da bas. Jean Dikoto Mandengue ya kaɗa wa Osibisa. Aladji Touré yana cikin waɗanda suka riƙe makosa a faya-fayen da aka yi ta bugawa a Faris. Armand Sabal-Lecco ya yi aiki da Paul Simon. Étienne Mbappé, mai kiɗa da baƙar safar hannu, ɗan Duwala ne. Sai Richard Bona, wanda aka haifa a Minta a 1967, ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, ya zo Duwala yana yaro, a nan ya ji faifan Jaco Pastorius ya koma bas, yau ga shi duniya ta san shi.

Bugu tara

Ga yadda abin yake, ga mai son sani. Jitar bas tsirkiya huɗu gare ta, a nan ana kiran su da sunayen Faransanci: Mi, La, Re, Sol, daga mai kauri zuwa siririya. Wuyanta dogo ne, an gitta masa ƙananan ƙarafa, sun raba shi gida-gida. In ka danne tsirkiya a wani gida, sautin ya ƙara sama. Kiɗan namu duk a kan mai kaurin yake. Ka bugi Mi sau uku, a rarrabe, ba ka danne komai ba. Sai shiru. Sai guda shida a jere da ɗan sauri: Mi uku, Sol a gida na uku, ka koma Mi, ka ƙare da La a gida na biyar. Shi ke nan. In ka ƙware, akwai wasu 'yan ƙanana biyu da ke gangaro da kai ka koma farko.

Na ce a raina, wannan ai kwana biyu ya yi yawa. Mai kuntigi ma tsirkiya ɗaya gare shi.

Ranar farko na gano yatsuna ba nawa ba ne. Hannun dama, babban yatsa zai jingina, manuniya da na tsakiya su riƙa jan tsirkiya bi da bi kamar mai tafiya. Nawa sai ɗaya ya yi ta aiki, ɗayan ya sandare. Hannun hagu kuwa, daga gida na uku zuwa na biyar tazara ce mai yawa; in na miƙa ɗan ƙaramin yatsa sai tsirkiyar ta yi zizar ƙudan zuma, don ban danne kusa da ƙarfen ba. Kwana uku bororo ya fito mini a yatsu biyu. Ina auna wa wata mata yadi tana tambayata ko ƙonewa na yi.

Kullum bayan la'asar sai in bar wa yaron shago amana, in ce zan je karɓo bashi. In an ɗauke wuta, Papa ya ce in jingina kan jitar da ƙyauren katako, sai ƙofar ta zama lasifika. Gumin Duwala da iskar teku suna kashe tsirkiya da wuri, sababbi kuma da tsada, don haka yakan kwance su ya tafasa a tukunya, ya shanya, ya mayar. Ranar da na fara gani na ɗauka taliya yake dafawa.

Mako ya cika. Na kaɗa masa. Duk sautukan tara sun fito, ba wanda na tsallake. Na ɗago kai ina jiran ya sallama.

Ya ce, "Ka kaɗa tara. Saura na goma."

Na ce ai tara ka ce.

Ya ce, "Shirun fa? Kai kana barin sautin yana jan jiki har ya shiga na gaba. Kowane bugu sai ka kashe shi da kanka. Ka buga, ka ɗora yatsun hagu a hankali ya mutu, sannan ka sake bugawa. Bayan na uku kuma akwai wurin da ba ka yin komai, kai kuma tsoron wurin kake, kana yin sauri ka cike shi."

Gaskiya ya faɗa. Waƙar tana tafiya ne a kan bugu kusan 110 a minti, ba ta gaggawa, ba ta jira. Ya sa mini faifan in bi, kafin a je ko'ina na wuce su. Na sake, na wuce su. Na faɗi sharaɗi, na kuma amsa na faɗi. Papa ya ce to a turo masa yaro. Na ce zan turo shi, amma ba yanzu ba. Kunya ta hana ni. Ta yaya zan fuskanci yaron da na mara a kan abin da ni na kasa?

Abin da na yi dai, na gaya wa uwarsa ta mayar da jakar inda ta gan ta, ta kuma sa ido. Ni kuma na ci gaba da zuwa.

A mako na biyar ne abin ya faɗo mini, kuma a shago ya faɗo. Wani dillali yana taya mini bandir ɗin shadda. Na faɗi kuɗina na yi shiru. Shi ma ya yi shiru. Duk ɗan kasuwa ya san wannan shirun: wanda ya riga buɗe baki shi ya faɗi. Mahaifina ya koya mini shi tun ban kai tsawon kanta ba. Ina tsaye ina kallon mutumin nan sai na ji a raina, ai wannan ne shirun Papa. Ba rashin abin faɗa ba ne, riƙe magana ne har lokacinta ya yi.

Sauran shida masu saurin kuma, sai na yi musu dabarar masu kalangu. Mu Hausawa ai kiɗanmu magana yake yi. Na nemi kalmomin da za su hau kan bugun, na samu. Uku na farko: "Kai! Kai! Kai!" Sai shiru, irin na mai bin bashi da ya tsare ka da ido. Sannan: "Ina kuɗin yadi?" Ku ƙirga, gaɓa shida ce cif.

Ranar da ya shigo

Ban san Papa ya aika masa ba. Ina zaune na ba ƙofa baya, hula a gefe, gumi ya jiƙa mini riga, ina bugawa ina faɗa da ƙarfi, "Kai! Kai! Kai! … Ina kuɗin yadi?" Sai na ji dariya a bayana. Dariyar da rabona da ji tun kafin gobara.

Na juya. Yana tsaye a bakin ƙofa da jakar lakwal, yana ƙoƙarin gimtsewa ya kasa. Na so in tashi in yi fuskar uba, jitar ta riƙe ni a kujera. Muka yi ta kallon juna.

Shi ya fara magana, kuma da Hausa. Ya ce, "Baba, kafaɗarka ce. Kana ɗaure ta. Ka sake ta."

Ya zo ya tsuguna a gabana, ya kama ɗan yatsana ya matsar da shi kusa da ƙarfen, ya ce in buga. Sautin ya fito tas, ba ziza. Ya ɗauki wata jitar ya riƙa yi mini bugun ganga a jikinta da tafin hannu. Muka zaga sau ɗaya, sau biyu, sau goma. Ban wuce shi ba, bai bar ni a baya ba. Papa yana can yana liƙa waya kamar ba ya wurin.

A hanyar gida ba mu hau benskin ba. Muka tsaya wajen mai soya na saya mana, muna tafe muna ci. Wajen babban masallaci na ce masa, "Na ga takardar." Ya sunkuyar da kai. Na ce, "Marin da na yi maka, ban kyauta ba. Ka yafe mini." Ban taɓa jin mahaifina ya faɗa wa ɗansa haka ba, kuma ba zan ce muku ya zo mini da sauƙi ba. Ya ce, "Baba, ni ba Turai nake so ba. Gani na yi ba ni da amfani a gidan."

Wannan maganar har yau tana ci na.

Inda muka tsaya

Mun yi yarjejeniya irin ta kasuwa, kowa ya rage wani abu. Zai ci gaba da zuwa wurin Papa. Ba gidan giya, ba kwanan waje, ba kiɗa a lokacin salla. Karatu kuma ba fashi. A nan na zaro labarin John Deacon daga aljihu, ya yi dariya ya ce Papa ya riga ni. Yanzu fannin lantarki yake karanta a makarantar koyon sana'a, rabin gyaran da ke shagon tsohon ma shi yake yi. Ranar Asabar yana tsaya mini a shago, kuma na lura kunnen nan nasa yana jin ƙaryar mai ciniki tun kafin ni in ji.

Ban ce kowa ya yarda ba. Yayana ya kira ni gefe ya ce, "Yanzu kai da furfurarka, so kake a ce gidanmu ya fitar da maroƙi?" Na ce, "Yaya, gara a ce maroƙi yana gabana, da a ce ɗan fatake yana cikin rairayi." Bai amsa ba, bai kuma gamsu ba. Game da hukuncin kiɗa a addini, malamai sun yi maganganunsu, ni ba malami ba ne, kowa ya tambayi wanda ya amince da iliminsa. Ni ma akwai daren da nake kwana ina juya abin. In ya ce gobe kiɗan zai riƙa a matsayin sana'a, ban san me zan ce ba tukuna. Amma yanzu in zai yanke shawara, a gabana zai yanke ta, da bakinsa zai gaya mini.

'Yan'uwana fatake, mu da muka bar gida ko aka haife mu a bariki, muna yawan cewa don yaran nan muke wahala. Haka ne. Sai dai yaro ba ya ganin bashin da ka biya, fuskar da ka shigo da ita gida yake gani. Naka wataƙila ba jita ba ce. Ƙwallo ce, ko zane, ko kwamfuta. Kafin ka ƙwace, ka zauna ka ce ya nuna maka yadda ake yi. Ba sai ka iya ba. Ni wata uku na yi a kan bugu tara, har yau kuma ita kaɗai na iya.

Jakar nan tana nan, littattafai ne a ciki yanzu. Takardar garuruwan kuwa na adana ta a cikin littafin bashi na shago, shafin ƙarshe. Wani lokaci in wani ya daɗe bai biya ba, yaron yakan leƙo daga bayan kanta, ya ƙwanƙwasa katako sau uku, ya yi shiru yana kallona. Ni kaɗai na san sauran.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya tsare kasuwanninmu daga gobara, ya dawo da na kan hanya gida lafiya.